In Bar Hawan Turakun Sadarwa In Koma Jami'a?

Assalamu alaikum Malam. Shekaruna 31. Na karanta injiniyan lantarki, na kuma yi digiri na biyu a fannin sadarwa. Shekara biyar ke nan ina aiki da wani kamfani da ke kula da turakun sabis a tsakanin Kano, Jigawa da Yobe. Yanzu wata jami'a ta ba ni gurbin ƙaramin lakcara, an ce in ba da amsa cikin wata ɗaya. Albashin bai kai rabin abin da nake ɗauka ba. Ina da mata da ɗa ɗaya, kuma ni ke biya wa ƙannena biyu kuɗin makaranta. Mahaifina tsohon hedimasta ne, babban burinsa ya ji an kira ni Dakta. Ni ma ina son bincike, musamman a kan 6G, wato fasahar wayar salula da za ta biyo bayan 5G, amma na leƙa ɗakin gwaje-gwajen sashen, babu abin kirki a ciki. Aikin da nake yi kuma ya ishe ni. Kullum janareto, batir, satar dizal, ga wata mahaɗa, wato layin rediyo da ke kai saƙo tsakanin turaku biyu, da ke yanke mana kusan kowace asuba in hunturu ya shigo, ta dawo da kanta da hantsi. Mun canza eriya, mun canza rediyo, ba ta daina ba. Malam, in ajiye aiki in tafi, ko in haƙura?

Daga wani injiniya, Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Abu mafi daraja a wasiƙarka ka ajiye shi can ƙarshe, cikin ƙorafi, kamar mai sheƙa da ta watsar da tsaba tare da ƙaiƙayi. Ina nufin mahaɗar nan da ke yankewa da asuba. Zan zo kan albashi, zan zo kan Baba, amma bari mu fara tsayawa a gindin wannan turken.

Na san abin da ake rubutawa a rahoto: hazo ne. Kowa ya gyaɗa kai, a rufe fayil. To ka auna da hankalinka. Idan mahaɗar tana aiki a wajen gigahaz 8 (gigahaz ma'aunin mitar igiyar rediyo ne), tsawon igiyarta ya kusa santimita 4, ƙurar da iska ke ɗebo mana daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi kuwa ƙwayarta ba ta kai kaurin silin gashi ba. Irin wannan igiya ratsa ƙura take yi ba tare da asarar a-zo-a-gani ba. Kuma ai hazon yana nan da azahar, me ya hana ta yankewa a lokacin? Ni iskar kanta na fi zargi. A daren hunturu ƙasa na sakin zafinta da sauri, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi, wadda ke samanta ta fi ta ɗumi, sai su kwanta hawa-hawa babu mai motsa su. In akwai fadama ko madatsar ruwa a tsakanin turakun, danshi ma ya shigo lissafi. Wannan shimfiɗa tana lanƙwasa igiyar: ko ta kauce wa eriyar da ke jiran ta, ko ta iso ta hanya biyu, ɗaya ta kashe ɗaya. Rana na ɗagawa ƙasa ta ɗumama, iska ta gauraya, mahaɗa ta dawo kamar ba ita ba. Shi ya sa kuka canza rediyo ba ku ga sauƙi ba, rediyon lafiyarsa ƙalau.

Wannan zato ne, awo ne kaɗai zai tabbatar da shi ko ya rushe shi. Nawa ƙarfin igiyar ke faɗuwa? Minti nawa take yi a ƙasa? A wane wata ta fi tsanani? Mahaɗar da ta ratsa fadamar Haɗeja da wadda ta ratsa yashin Yusufari halinsu ɗaya ne? Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta tsara, waɗanda manhajar tsara mahaɗa ke aiki da su, an gina su a kan awon da akasarinsa daga wasu nahiyoyi aka ɗauko. Kai kuma shekara biyar kana tsaye a wurin da abin ke faruwa, kana ganin ƙarfin igiyar a allon kwamfutarka. Mutane da yawa sun shiga digirin digirgir sun shekara biyu suna lalube ba su sami tambayar da ta kai wannan ba.

Kada ka raina irin wannan aiki. Marigayi Farfesa Gabriel Ajayi na jami'ar Ife da auna girman ɗigon ruwan sama ya yi suna. Ya nuna cewa ruwan daminarmu ba irin na Turai ba ne, don haka yadda yake cinye igiyar rediyo ma daban ne. Aikin da ya buga a 1985 tare da wani masani mai suna Olsen har yau ana kafa hujja da shi wajen lissafin sadarwa a ƙasashe masu zafi, kuma shi ne ya zama shugaban farko na NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwar zamani ta Najeriya. A jami'ar Khartoum ma tun shekarun 1980 malamai suka zauna a kan tasirin guguwar ƙura ga igiyar rediyo, saboda ita ce a ƙofar gidansu. Kowannensu abin da Allah ya ajiye a gabansa ya auna, duniya kuma ta zo ta same shi.

Sai dai akwai rami a nan, kuma na ga da yawa sun faɗa. Lissafin da ake koya muku na yadda sabis ke raguwa da nisa, wani injiniyan Japan mai suna Okumura ne ya yi awonsa a Tokyo ya buga a 1968, wani kuma mai suna Hata ya mayar da shi ƙa'idar lissafi a 1980. Gaskiya ne Tokyo ba ta da lungunan Kurmi, ba ta da katangar ƙasa da rufin kwano. Amma wannan gaskiyar ta zama wurin fakewa. An taɓa gayyata ta duba kundayen ɗalibai a wata jami'a, na karanta huɗu a jere, duk abu guda: an shiga mota da waya, an zaga gari kwana biyu, an kwatanta da Hata, an ɗan gyara lamba ɗaya, an sa wa sabon lissafin sunan garin. Na tambayi ɗayansu ko ya tantance cewa wayar da ya auna da ita tana faɗin gaskiya, ya yi shiru. Na tambaye shi ko ya koma da damina, ya ce lokaci bai ba shi dama ba. Na tausaya masa, don ba shi da wanda zai nuna masa. Abin da ke raba awo da yawon mota shi ne tantance na'ura, da maimaitawa a hunturu da bazara da damina, da ajiye ɗanyen alƙaluma a inda wani zai iya dubawa ya ƙaryata ka in ya ga dalili.

Game da 6G, ina fahimtar sha'awarka, sunan yana da ƙyalli. ITU ta amince da tsarin manufofinsa a ƙarshen 2023, jami'ar Oulu ta ƙasar Finland kuwa tun 2018 ta buɗe babban shirinta a kai, da kamfanoni a bayanta. In ka ce za ka yi tsere da su a fagen na'urori daga ɗakin gwajin da ka leƙa, wahala kawai za ka sha. Akwai wata ƙofa da ba ta bukatar na'ura, ita ce ta lissafi. Erdal Arikan, malami a jami'ar Bilkent da ke Ankara, ya shafe fiye da shekara ashirin yana juya matsala guda a kan iyakar da Claude Shannon ya shata tun 1948, wato iyakar bayanan da hanya za ta iya ɗauka ba tare da kuskure ba. Ya buga sakamakonsa a 2009, a 2016 aka sa dabararsa cikin ƙa'idar 5G. Malaminsa Robert Gallager ma dabarar da ya ƙirƙiro a kundinsa na 1960 ta kwanta fiye da shekara talatin kafin a tono ta, yau ita ke ɗauke da bayanai a 5G da Wi-Fi. Ina kawo maka su ne don ka san tsawon numfashin da wannan hanya ke nema, ka kuma san cewa dukkansu suna da albashi mai riƙe gida da ɗakin karatu a kusa.

Don haka ka gwada kanka kafin jami'a ta gwada ka. Binciken sadarwar iska cikinsa lissafi ne: ilimin yiwuwa da ƙididdiga, aljabara, sarrafa sigina, nemo mafi dacewar mafita. Ka ɗauko takardar bincike guda daga wata mujallar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya, da yawa ana samun kwafinsu kyauta a arXiv, rumbun takardun bincike na intanet, ka zaɓi zane ɗaya a ciki, ka ce sai ka sake fito da shi da hannunka a harshen kwamfuta na Python. Zai ƙi fitowa. Za ka yi mako biyu layinka na kwance inda nasu ya miƙe. Idan bayan haka har yanzu kana idar da sallar isha'i ka ji hannunka na neman kwamfutar, to kana da halin masu wannan sana'a. Idan kuwa ka ji kamar ana jan ka zuwa gidan makoki, ka gode wa Allah da ya nuna maka da wuri, ba aibu ba ne. Injiniyan da ke riƙe da sabis ɗin gari guda ba ƙaramin mutum ba ne.

Yanzu jami'a. Zan faɗa maka yadda take, don ina ƙaunarta kuma a cikinta na tsufa. Ƙaramin lakcara shi ne jakin sashe. Za a ba ka azuzuwan da manya suka gudu, ɗalibai ɗaruruwa, takardun jarrabawa buhu-buhu. Za a naɗa ka jami'in jarrabawa ko mai kula da 'yan aji ɗaya, ka wuni kana neman sakamakon da ya ɓace. Lokacin bincike sai abin da ka sata daga barcinka. Ga yajin aiki: na 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai tsakiyar Oktoba, wata takwas, aka kuma riƙe albashi. Na san malaman da suka sayar da mota a wannan shekarar. Sannan ƙarin girma da ƙidayar takardu ake yin sa, abin da ya sa wasu ke biyan kuɗi ga mujallun bogi da ke buga komai cikin mako guda. In ka shiga wannan kasuwa za ka iya kaiwa farfesa, amma babu wanda zai taɓa karanta ka, kuma duk malamin kirki na waje da ya ga sunayen mujallun nan a takardarka zai rufe ta.

Rashin kayan aiki da ya tsorata ka, shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abubuwan da ke damuna. A wata jami'a da na koyar an taɓa sayo mana na'urar auna zangon rediyo mai tsadar gaske. Ta shekara biyu a kwali a ofishin wani babba, mabuɗi a aljihunsa, wai kada ɗalibai su lalata. Ranar da aka buɗe ta sai aka tarar ba a sayo wayoyin haɗi da eriyarta ba. A wannan tsakanin wata ɗaliba tawa ta gama aikinta da 'yar na'urar kama igiyar rediyo ta RTL-SDR mai kama da filashi, wadda kuɗinta bai kai na ƙaramar waya ba, da manhajar GNU Radio da ake saukewa kyauta. Ta ɗaure eriya a jikin gora a saman bene, ta yi wata uku tana sauraron waɗanne zanguna na talabijin ne babu kowa a kansu a garin. Akwai manhajojin gwajin sadarwa irin su srsRAN da OpenAirInterface da ns-3, duk kyauta. Abin da ba a saukewa daga intanet shi ne malami.

A kan wannan nake so ka kashe watan da aka ba ka. Ka koma sashen, ba ɗakin gwaji za ka duba ba wannan karon. Ka nemi sunayen malaman, ka binciko wa ya buga aiki a mujalla ta gaske cikin shekara ukun da suka wuce. Ka sami ɗalibansa na digirin digirgir a inda ba ya nan, ka sha shayi da su, ka tambaye su shekara nawa suka yi, kuma in sun ba shi babi wata nawa yake yi kafin ya dawo da shi. Ka tambayi shugaban sashe yaushe ake sakin sabon malami ya tafi karatu, kuma da albashi ko babu. Amsar waɗannan ta fi takardar ɗaukar aikin nauyi.

Ka kuma san hanyar da magabatanka suka bi ta ƙuntata. A da mutum na shiga jami'a, ya yi 'yan shekaru, TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta tura shi Malesiya ko Ingila. A ƙarshen 2024 TETFund ta sanar da dakatar da tura malamai karatu waje, saboda faɗuwar naira da kuma waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Kada ka ajiye aikinka bisa alkawarin da aka yi wa 'yan shekara goma da suka wuce. Ƙofofin da suka rage gasa ake yi a kansu da duniya. A Suwidin, Finland, Holan da Jamus, ɗalibin digirin digirgir a fannin injiniya galibi ma'aikaci ne mai albashi, ana tallata gurbin kamar kowane aiki. Jami'ar KAUST ta Saudiyya na ɗaukar nauyin ɗalibanta. Akwai tallafin DAAD na Jamus, akwai tallafin Commonwealth, akwai na TWAS, cibiyar bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa, akwai cibiyar ICTP a Trieste ta Italiya da ta daɗe tana horar da 'yan Afirka kan sadarwar iska mai rahusa. Malamin da ke can yana samun saƙonni da yawa masu cewa ina sha'awar 6G, ba ya ko buɗe su. Amma saƙon da ya ce na karanta aikinka kaza, ga zanen ƙarfin igiyar wata mahaɗa a yankin Sahel na tsawon wata huɗu, lissafin ITU bai hango wannan faɗuwar ba, wannan zai sa ya gyara zama.

To ga ra'ayina, tunda shi ka nema. In ka sami malamin nan a sashen, kuma kun zauna da maiɗakinka kun rubuta kuɗin haya, abinci, asibiti da makarantar ƙannenka a takarda kun ga sabon albashin zai ɗauka ko da da ƙyar, ka yi istihara ka karɓa. In ɗaya daga cikin biyun ya gaza, ni da ni ne kai, zan rubuta musu wasiƙar godiya mai ladabi, in zauna a kamfani shekara ɗaya da rabi, in auna mahaɗar nan hunturu biyu, in rubuta takarda guda mai kyau, in nemi gurbin karatu mai albashi da ita. Na san gurbin lakcara ba kullum yake faɗowa ba, kuma wannan zai iya wucewa bai dawo ba. Amma jami'o'i sai ƙaruwa suke, masu digirin digirgir na gaske a fannin sadarwa kuwa ba su ishe su ba. Malamin da yunwa ta kora ya koma sayar da data da kwangilar sola don ya ciyar da gida, ba ya binciken da ya bar kamfani dominsa, ya yi biyu babu. Hanyar kuma ba mai zuwa ba dawowa ba ce. Farfesa Umar Garba Danbatta ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Bayero kafin ya shugabanci NCC, hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, daga 2015 zuwa 2023. Masana'antar da MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu don lasisin 5G a gwanjon Disambar 2021 tana bukatar masu fahimtar abin da ke faruwa a cikin iska, kuma NCC na ba da tallafin bincike ga jami'o'i, ko da yake a ganina bai kai yadda ya kamata ba.

Maiɗakinka ba ka faɗi abin da ta ce ba, ina zargin ba ka tambaye ta ba. Ita za ta auna shinkafa da sabon mudu, ita za ta zauna da yaro in ka tafi wata ƙasa shekara huɗu ko ta bi ka inda ba ta san kowa ba. Ka tambaye ta tun kafin ka yanke, ba bayan ka yanke ba.

Baba kuwa kada ka je masa da a'a. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa da alli a hannu, burinsa ga ɗansa abin girmamawa ne. Ka zauna a gabansa bayan magariba ka ce, Baba, ban bar maganar karatun ba, ga tsarin da na yi, ga watan da zan fara nema, ga dalilin da ya sa ba zan bar yaran nan su tsaya da makaranta ba, ina neman albarkarka. Tsohon hedimasta ya san bambancin ɗalibin da ke gudun aiki da wanda ya zo da jadawali. Ka nuna masa zanen mahaɗar ma, ka yi masa bayanin iskar asuba da Hausa. In ya gane, ka iya koyarwa.

Abu biyu kafin ka fara. Alƙaluman mahaɗar dukiyar kamfani ce da ta abokan cinikinsa, kada ka kwashe su a ɓoye. Ka rubuta wa manajanka, ka nuna masa cewa amsar za ta rage musu fita da asuba da ƙona mai, ka karɓi izini a rubuce, ka yarda za ka ɓoye sunan turaku da wurarensu in an zo bugawa. Sannan duk ranar da za ka fita awo da eriya a cikin gari ko ƙauye, ka riƙe takardar shaida, ka fara gaida mai unguwa da jami'an tsaron wurin, don a halin da Arewa ke ciki baƙo mai na'ura a gindin turke abin zargi ne. Sauraro kawai za ka yi, kada ka watsa komai a iska sai da izinin hukuma.

Ka sa na'urar ta riƙa ajiye ƙarfin igiyar aƙalla kowane minti, dare da rana, tun kafin hunturu ya shigo don ka sami abin kwatantawa. Ka rataya 'yan na'urorin auna zafi da danshi biyu, ɗaya a gindin turke ɗaya a sama kusa da eriya, ka tabbatar agogonsu ya yi daidai da na rediyon. In ka haɗa wata guda ka aiko mini da zanen, ina so in ga ƙarfe nawa take fara faɗuwa. Ka gaida Baba da maiɗakinka, Allah ya raya yaron.